Daminar da Ba a Kaɗa Ƙararrawa Ba a Babban Mutum

Babban Mutum gari ne na bakin iyaka. Yana cikin ƙaramar hukumar Ɓaure, a gabashin ƙasar Daura, inda Katsina ta haɗa kafaɗa da Jigawa ta wajen Babura, ta kuma jingina da Jamhuriyar Nijar ta wajen Magarya. Wanda ya tashi a irin wannan wuri ya saba da hukuncin da ke zuwa daga nesa, wanda galibi mai yanke shi bai taɓa taka hanyar garin ba. Tun kafin a ji sunan korona mutanen nan suna cikin wani kullen. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, a Nuwamba kuma hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ciniki ya ja baya, mai ya koma hannun 'yan bumburutu, mai cajin waya da janareto ya ƙara kuɗi. A haka annoba ta zo ta iske mutane. Duk wanda zai yi maganar karatu daga gida a garin nan, to ya fara tambayar nawa ake biya a cika batirin waya a wancan lokaci.

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da cutar a Legas. Ba a rufa wata guda ba gwamnonin Arewa maso Yamma suka zauna a Kaduna suka yanke cewa daga Litinin 23 ga Maris za a rufe makarantu na kwana 30. Kowa ya ɗauka hutu ne ya zo da wuri. Yara suka yi ta murna, iyaye da yawa kuma suka ce ai ciwon masu hawa jirgi ne, ba zai iso ƙauye ba. Sai ga shi a farkon Afrilu Gwamna Aminu Bello Masari ya sanar cewa mutum na farko da cutar ta kashe a jihar Katsina likita ne a cikin garin Daura. Bayan 'yan kwanaki aka kulle Daura, ba shiga ba fita. Azumi ya kama, aka yi salla babu hawa, kwana 30 suka zama wata shida da ɗoriya. Sai a watan Oktoba aka sake jin ƙararrawar firamare.

Mutumin birni zai ƙirga wannan da zangon karatu. Manomi da wata kalanda yake ƙirgawa. An rufe makaranta ana shirin sharar gona da kai taki, aka yi shuka tana rufe, aka yi noman fari da maimai tana rufe, ba a buɗe ta ba sai da gero ya shiga rumbu, ana jiran wake da riɗi. Damina guda cur, daga farkonta har ƙarshenta, yaro ɗan shekara tara yana hannun mahaifinsa. Ban ga laifin uban da ya miƙa masa fartanya ba. Hannu ne ya samu a shekarar da kuɗin ƙwadago ya gagara. Yarinya kuma ta ɗauki farantin talla tun da hantsi, maimakon bayan an tashi daga makaranta. Gida bai zauna jiran gwamnati ba, nan take ya raba wa yaran aiki, kuma aikin da aka raba da wuya a karɓe shi.

Gwamnati ta yi abin da sauran gwamnatocin duniya suka yi. Ma'aikatar ilimi ta tarayya ta zuba darussa a shafinta na intanet. Jihohi, har da Katsina, suka koma ga rediyo da talabijin, da tallafin Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF. Makarantun kuɗi na Abuja da Kano suka buɗe azuzuwa a WhatsApp da Zoom. A watan Agustan shekarar UNICEF ɗin da kanta ta fitar da ƙiyasi cewa aƙalla yara miliyan 463 a duniya, wato kusan ɗaya cikin uku na 'yan makaranta, babu wani darasin nesa da ya isa gare su. Intanet da talabijin ba sai an ɓata baki a kansu ba. Garin da wayar mutum kan kama layin Nijar idan ya matsa bayan gari, garin da wutar lantarki baƙuwa ce, ba a yi masa wannan tanadi ba. Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne rediyo, domin shi kaɗai ne ya shigo gidajen.

Zaɓen rediyo ba wauta ba ce. Babu al'ummar da ta riƙe akwatin nan kamar Hausawa. Sashen Hausa na BBC ya fara magana tun 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, kuma daga wannan lokaci manomin da bai taɓa zama a aji ba yana iya zayyana maka rikicin Gabas ta Tsakiya. Amma mu tambayi kanmu, rediyon na wane ne? Na maigida ne. Da shi yake fita gona, yana rataye a reshen bishiya ko a ƙahon keke, da shi yake zama a majalisa bayan la'asar. Idan ya bar shi a gida, batir na labaran dare ne, ba a ƙona shi a kan "a, e, i, o, u". Ƙaramar waya mai tocila tana kama tashar FM, gaskiya ne, sai dai sau da yawa tana buƙatar abin saƙalawa a kunne, kunne ɗaya ko biyu, alhali yaran gidan bakwai ne, daga ɗan aji ɗaya har ɗan aji shida. Darasin da ya dace da wannan ya yi wa wancan nauyi, ya yi wa ɗayan sauƙi. Idan kuma aka juya zuwa Turanci, to an sallami kowa.

Waɗannan duk matsaloli ne da kuɗi da tsari za su iya magancewa. Akwai wadda ta fi su zurfi, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san karatu ba ya zama sai an biya shi. Malam ya biya maka, ka koma gefe ka yi ta maimaitawa, sa'an nan ka dawo ka durƙusa ka biya masa, yatsanka a kan baƙi. Idan ka yi tuntuɓe ya tsayar da kai a daidai wurin. Ba za ka wanke allo ba sai kunnensa ya gamsu. Daga babbaƙu zuwa farfaru zuwa haɗa baƙi, babu matakin da ake tsallakewa ba tare da wani ya saurara ba. Koyon karatun boko ma haka yake, ko da kuwa masu tsara manhaja sun ba shi wasu sunaye. Yaro ɗan shekara shida ba ya koyon bambancin "b" da "d" don ya ji an faɗa. Yana koyo ne lokacin da ya karanta "baka" a wurin "daka", wani ya ce masa a'a, sake dubawa. Rediyo yana iya biya wa yara dubu ɗari a lokaci guda, amma ko ɗaya ba zai iya saurara ba. Malamar da ke cikin akwatin takan ce, "Yara, ku maimaita," ta yi shiru na ɗan lokaci, ta ce, "Madalla, kun yi ƙoƙari." Ta yaba wa wanda ya faɗa daidai, ta yaba wa wanda ya faɗa a karkace, ta yaba wa wanda ya tafi kiwon awaki.

Ɗalibin sakandare da ke shirin jarrabawar fita, wanda ya iya karatu kuma yana da littafi, zai iya cin moriyar darasin rediyo. Shi ne ma aka fara kulawa da shi: an dawo da 'yan ajin ƙarshe a farkon Agusta domin jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan. Ɗan firamare, wanda ya fi kowa buƙatar mai saurare, shi aka bari a ƙarshen layi.

To wa ya saurare shi? A gidajen da karatu bai mutu ba, in ka bincika za ka tarar akwai wani mutum guda da ya ɗauki abin a kansa. Sau da yawa yaya ce 'yar sakandare da ita ma aka koro gida. Wani lokaci saurayi ne mai neman takardar malanta, daga kwalejin Yusuf Bala Usman ta Daura ko wata makarantar, yana zaman jiran a buɗe, sai ya tara ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta a zaure, ya shafa wa bango baƙin batir ya mai da shi allo. Akwai malaman firamare mazauna gari da suka riƙa karɓar yara kaɗan-kaɗan da safe, wasu don Allah, wasu a kan abin da ya sawwaƙa. Babu wanda ya aike su, a ƙa'ida ma doka ta hana taro. Karatun allo na cikin unguwa shi ma bai ɗauke gaba ɗaya ba, domin ba ya jiran gini ko takardar izini: malam maƙwabci ne, allo yana rataye a ɗaki, tawada kuma a gida ake dafa ta. A daidai wannan lokaci ne gwamnonin Arewa suke ta lodin almajirai a motoci suna mayar wa juna, kowa na cewa ba nasa ba ne. Tsarin da aka fi zagi a shekarar shi ne kuma ya riga kowa sanin yadda ake karatu ba tare da aji ba. Wannan ba ya wanke bara da yunwar da ke cikinsa, amma ya isa a tsaya a duba.

Mutum ɗaya ne yake cikin gida daga asuba har dare, kuma shi ne ba a yi magana da shi ba: uwa. Sanarwa takan ce iyaye su tabbatar 'ya'yansu sun saurari darasi. Tabbatarwa ta yaya? Na ji wata dattijuwa tana ce wa wani malamin firamare a ƙofar gida, "Malam, ni fa ban yi boko ba. In ya karanta mini daidai ko ba daidai ba, duk ɗaya ne a kunnena." Ya ce mata, "Inna, ba Hausa zai karanta ba? In ya faɗi abin da ba magana ba ce, ai za ki ji." Ta yi dariya ta ce wannan kam za ta ji. Amsar malamin nan ta fi duk wata sanarwa da na saurara a shekarar amfani. Matar da ta sauke Alƙur'ani, ko ta yi shekaru a Islamiyyar matan aure, ta san zama da yaro a kan darasi, ta san a sa shi ya sake, ta san horon lokaci. Idan littafin da Hausa aka rubuta shi, kunnenta ya isa ya kama kuskure ko da idonta bai san harafin ba. Abin da ta rasa shi ne littafin, da wanda zai gaya mata cewa ta isa.

Kuma ba a ce babu littattafan ba. Tun wajen 2015 aka fara gudanar da shirin RANA a Katsina da Zamfara, ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi, inda aka wallafa littattafan koyon karatu da Hausa na aji ɗaya zuwa uku. Shirin ilimin 'ya'ya matan ya kuma ƙarfafa kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye mata. Wato kayan aiki da mutanen aiki duk an riga an san su. Sai dai al'adarmu ta makarantar gwamnati ita ce littafi dukiyar ofis ne. Ana ƙirga shi, ana kulle shi a kabad, hedimasta yana tsoron ranar da mai duba makarantu zai zo ya ga ya ragu. Da aka ce a rufe makaranta, a wurare da yawa da littattafan aka rufe, gara da ɓera suka yi karatun damina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a wannan damina ɗin, a waɗannan gidaje ɗin, wani sashe na gwamnati ya shiga har tsakar gida. Rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake yi wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar a kowace damina, wanda Ɓaure na cikin wuraren da aka fara gwada shi a jihar Katsina, bai tsaya ba a 2020. Daga Yuli zuwa Oktoba masu rabo sun bi gida-gida, wata bayan wata, da takunkumi a fuska. Saboda korona aka sauya tsari: mai rabo ta tsaya daga nesa, ta ajiye maganin, ta yi bayani, uwa ta ba ɗanta da hannunta, ta kuma ci gaba da ba shi sauran a kwana biyun da ke biye. Ma'aikatan lafiya sun yarda uwar da ba ta yi boko ba za ta iya riƙe ƙa'idar magani. A cikin watan Agustan nan ne ma, ranar 25, aka ayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali, nasarar da aka samu da ƙafar mata masu bin gidaje, da sa bakin hakimai da dagatai da masu unguwanni, da alli da ake rubuta lamba a jikin ƙofa. Masarautar Daura ta san wannan aiki ciki da waje. Hanyar da aka bi aka kai ɗigon rigakafi bakin kowane jariri, ita ce ba a bi ba aka kai takarda guda mai ɗauke da baƙaƙe da wasula. Malaman firamare suna nan a garuruwansu, albashi na tafiya, babu wanda ya ce musu kowa ya ɗauki unguwa guda ya riƙa leƙawa ko da sau ɗaya a mako.

Inda aka gwada irin wannan, an ga amfaninsa. A ƙasar Botswana wata ƙungiya ta raba gidaje kashi-kashi: wasu aka riƙa tura musu lissafi ta saƙon waya kawai, wasu kuma aka haɗa musu da kira na kamar minti 20 a mako, a yi magana da uwa ko uba da yaron tare. Saƙo shi kaɗai bai bar wani tasiri mai ɗorewa ba, kiran ne ya ɗaga yaran. Dalilin a fili yake, a cikin kira akwai mai saurare. Nan kusa da mu a jihar Kano, shirin KaLMA da ke aiki a Wudil da Dawakin Tofa ya juya zuwa karatun gida, ya haɗa rediyo da saƙonnin waya da takardun aiki da ake kai wa iyalai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya nemi babbar waya ko data. Ni har tunani nake, da an miƙa darussan ga masu tura fina-finai da waƙoƙi a memori, waɗanda ba kasuwar ƙauyen da ba su da rumfa, da sun isa ɗakunan mata kafin mako ya zagayo, kuma da uwa ta kunna a lokacin da ta ga dama, ta maimaita sau goma.

Akwai kuma maganar ciki. Ga yara da yawa na aji ɗaya zuwa uku, abincin da ake rabawa a makaranta yana cikin dalilan zuwa. Da aka rufe, shi ma ya tsaya, tare da cinikin matan da ke dafawa. A watan Mayu ma'aikatar jinƙai ta tarayya ta ce za ta kai abincin gidaje, amma a Abuja da Legas da Ogun aka yi. Iyalin da ke bakin iyakar da aka rufe, a watannin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba, ba su ga ko ƙwaya ba. Wanda ya ce wa irin wannan gida ya ware awa biyu na yaro don sauraren rediyo, ya kamata ya faɗi abin da za a ci a madadin ribar tallar.

Mutanen iyaka suna da wata dama da na tsakiyar ƙasa ba su da ita, ta ganin yadda maƙwabci ya yi da tasa matsalar. Nijar ta rufe makarantunta ranar 20 ga Maris, kusan tare da mu, amma gwamnatin Mahamadou Issoufou ta buɗe su ranar 1 ga Yuni. 'Ya'yan 'yan'uwa a Magarya sun koma aji wata huɗu kafin na Babban Mutum, ga iska ɗaya, ga dangi ɗaya, ga cuta ɗaya. An auna haɗarin da ke Legas da Kano aka yanke wa ƙauyen da ajinsa ma wani a gindin bishiya yake. Tsoron da aka ji a lokacin na gaskiya ne, musamman bayan yawan mace-macen da aka yi a Kano a watan Afrilu. Amma da an bar wa jiha da ƙaramar hukuma ikon duba halin kowane yanki, da an rage asarar.

Da aka koma a Oktoba, kalanda aka gyara, aka matse zangon da ya rage domin shekara ta daidaita. Malamai sun karɓi yaran da suka manta abin da suka sani a Maris, aka ci gaba daga shafin da manhaja ta ce. Wasu kujerun ba a sake cika su ba: yaron da ya saba da kuɗin ƙwadago, yarinyar da aka sa wa rana. Ba a gama daidaita zama ba sai ga 11 ga Disamba, aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnati ta sake rufe makarantu. Ƙasar Daura ba ta cikin yankin da 'yan bindiga suka fi addaba, amma umarni ba ya bambancewa. Daga nan muka gane cewa rufe makaranta ba abin shekara ɗaya ba ne a jihar nan. Korona ta wuce, dalilan rufewa ba su wuce ba.

Yau abubuwa sun sauya a garin. Farantin sola ya hau rufin shaguna da gidaje, cajin waya ya daina dogara da fetur kaɗai, manyan wayoyi sun yawaita har a hannun matan aure. A 2022 gwamnatin tarayya da UNICEF sun ƙaddamar da manhajar karatu ta intanet, gwamnatin jihar ƙarƙashin Dikko Umaru Raɗɗa kuma ta ɗauki malamai fiye da 7,000 a 2023. Duk ci gaba ne. Sai dai idan gobe aka wayi gari da umarnin rufewa, tambayoyin da zan yi wa kowane hedimasta ba su shafi intanet ba. Rajistarka tana da lambar wayar gidan kowane yaro? Ka san wace unguwa kowane malaminka yake kwana? Za ka bar ɗan aji biyu ya tafi gida da littafi, ko da zai dawo da shi da miya a jiki? Ƙungiyar iyaye mata tana zama, ko sai ranar da baƙi za su zo da farar mota?

Yaran da suka shiga aji ɗaya a watan Satumban 2019, waɗanda aka katse wa haɗa baƙi a tsakiya, sun kammala firamare a 2025. Suna ƙaramar sakandare yanzu, waɗanda suka samu wucewa. Malamin da ya karɓe su zai iya gane 'yan gidan da aka saurara da 'yan gidan da ba a saurara ba cikin minti biyar, in ya miƙa wa kowa sakin layi guda na Hausa ya ce ya karanta da ƙarfi. Waɗanda suka kasa ba su makara ba. Tsarin da aka gwada a Wudil da Dawakin Tofa shi ne a ware lokaci a kowace rana, a raba yara bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke, mai baƙaƙe da masu baƙaƙe, mai kalma da masu kalma, a bi da su mataki-mataki har su kamo. Yana buƙatar alli, da katin haruffa, da malamin da aka ba izinin ajiye manhaja na awa guda. Izinin yana hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da sakataren ilimi na Ɓaure.